Kiɗa da gyare a Agege: nazarin gwajin wani ƙaramin sitidiyo

Lamarin nan ya faru ne a wani ƙaramin sitidiyo da ke unguwar Hausawa a Agege, 'yar tafiya kaɗan daga layin dogo. Ɗaki ɗaya ne da aka liƙe bangonsa da soso da kwalin ƙwai. Aikinsa na kullum naɗar waƙoƙin biki ne, da tallan magunguna da na makarantun Islamiyya, da waƙoƙin 'yan siyasa idan kakar zaɓe ta kama. Mutum uku ne a cikin maganar. Akwai mai sitidiyon, matashi haifaffen Legas, wanda ya koyi gyaran lasifika a kasuwar Alaba kafin ya koma haɗa sauti a kwamfuta. Akwai kawunsa, makaɗin kalangu da ya daɗe yana yi wa mahautan Oko-Oba kiɗa a bukukuwansu. Sai ƙanwar matashin, ɗaliba mai karatun ilimin halittu a jami'a. Ni maƙwabcinsu ne, malamin kimiyya a sakandare. Na zauna a wasu daga cikin dararen aikin, sauran kuma daga bakinsu na ji.

Abin da suka nema shi ne su yi kiɗa da ƙwari da dabbobi suna raye, ba kwaikwayon kukansu ba. Shawarwari da yawa suka kawo, wasu sun ba da dariya, wasu sun jawo gardama, ɗaya ce ta kai ga abin da za a iya zama a saurara.

Mafari

Wani dare cikin damina kawun ya zo aka naɗi kiɗan wani biki, aka gama ya tafi gida. Da matashin ya zauna tace sautin, sai ya tarar gyare ya shiga ciki tun daga farko har ƙarshe. Ashe ya samu tsaga a bayan soso ya maƙale. Cire shi ba wuya, tunda kukan gyare siriri ne yana can sama, kalangu kuma yana ƙasa, saman kawai za a yanke. Amma kafin ya yanke sai ya dubi zanen sautin a fuskar kwamfuta, ya ga kukan ya jeru gungu-gungu, kowane gungu da ɗigo uku ko huɗu, tazarar da ke tsakani kusan daidai wa daida. Ya kira ƙanwarsa ta gani.

Ita ce ta yi masa bayanin abin da yake kallo. Namijin gyare ne kaɗai ke kuka, kuma ba da baki yake yi ba. A ƙarƙashin fiffikensa na gaba akwai jijiya mai ƙananan haƙora, gefen ɗaya fiffiken kuma yana da kaifi. Duk rufe fiffike ɗaya da zai yi, kaifin ya karta haƙoran, ɗigo ɗaya ke nan a zanen. Kunnuwansa ma a ƙafafun gaba suke, ƙasa da gwiwa. Saurin kukan kuwa zafin wuri ne ke tuƙa shi, domin jikin ƙwaro yana bin zafin inda yake. Tun 1897 wani masanin kimiyya a Amurka, Amos Dolbear, ya fitar da lissafin gane zafin gari daga yawan kukan gyare. Lissafin ya fi dacewa da wani nau'in gyaren bishiya na can, amma tushen ɗaya ne a ko'ina: wuri ya yi ɗumi, kuka ya yi sauri, ya yi sanyi, ya ja baya.

Daga nan abin ya zama hirar kowane dare. Yarinyar ta riƙa nuna musu a waya abin da wasu suka yi. A Lampang ta ƙasar Tailan an kafa ƙungiyar makaɗa ta giwaye a shekarar 2000, aka ƙera musu manyan ganguna da kuge daidai hancinsu. A Landan, cikin 2010, wani Bafaranshe mai suna Céleste Boursier-Mougenot ya shimfiɗa gitoci masu lantarki a cikin wani zaure ya saki ƙananan tsuntsaye, duk wanda ya sauka kan tsirkiya sai lasifika ta ɗauka. Ba'amurke David Rothenberg kuwa da abin busarsa yake shiga daji ya yi amshi da tsuntsaye da ƙwari. Kawun ya kalli wannan duka, sannan ya ɗaga kalangunsa ya ce: "Ɗan nan, mu ma dabba ta daɗe a cikin kiɗanmu. Wannan fatar akuya ce. Tsirkiyar goge izgar doki ce. Sai dai namu sai sun bar duniya suke shiga." Yarinyar ta ƙara da cewa masu balafon, abin kiɗa na jerin katako, a Mali da Burkina Faso da arewacin Gana sukan liƙe ramukan duman da ke ƙarƙashin katakon da farin marufin ƙwan gizo-gizo, shi ke ba da zizar nan da aka san kiɗansu da ita.

Jerin da ke jikin bango

Suka samu bayan kwali suka fara rubuta duk abin da ya faɗo wa wani a rai. A rataya wa raguna ƙararrawa masu murya daban-daban a kasuwar dabbobi kafin Babbar Sallah, a bar su su yi ta kai da kawo. A shimfiɗa wa tururuwa takardar gwangwani mai laushi a kan hanyarsu, a ji takunsu. A kasa kunne a jikin katakon da gara ta ci, tunda sojojin wasu nau'o'in gara suna buga kai a bangon gidansu don gargaɗi. A naɗi kwaɗin lambatu. A ɗaura wa tattabaru 'yar sarewa a wutsiya, yadda masu kiwon tattabaru a Beijin suka daɗe suna yi, garke na tashi sama ana jin busa. A zuba wa kaji hatsi a kan ƙwarya. A kama sauro a kwalba.

Kayan aikin ba su da tsada. Banda makirufo da ke sitidiyon, matashin ya ciro ɗan faifan tagulla da ke cikin lalatattun agogon ƙararrawa, ya haɗa shi da waya da dalma. Wannan faifan ba iska yake ji ba, girgizar abin da aka manna shi a kai yake ɗauka, don haka hayaniyar titi ba ta cika damunsa ba.

Na raguna bai je ko'ina ba, masu dabbobi ba su yarda a rataya wa hajarsu komai ba, ihun kasuwa kuma ya ishi kowa. Na tururuwa an gwada, abin da ya fito ƙaramin ƙaras-ƙaras ne da sai an ɗaga shi sosai, ana ɗagawa kuma sai huci ya rufe shi. Gara ba ta buga kai ba sai an tsokane ta, suka ƙyale ta.

Kaji da ƙwarya

Wannan shi ne gwajin da ya fi ba su nishaɗi, kuma shi ya kawo saɓanin farko. Aka aro ƙore uku daga wajen mahaifiyarsu, babba da matsakaiciya da ƙarama, aka kife su a tsakar gida, kowace da faifanta manne a ciki. Aka shafa wa bayansu ɗan ruwan koko don gero ya kama, aka watsa gero, aka sako kaji. Abin da ya fito a lasifika ya ba kowa mamaki. Babbar ƙwarya na ba da dum mai kauri, ƙarama na ba da tas-tas, kaza ɗaya ta saki sara biyar a jere ta ɗaga kai ta duba gefe, wata ta cike gurbin. Matan gidan da suka san kiɗan ƙwarya suka fito suna dariya, wata har ta soma tafi tana neman inda za ta shiga. Sai dai babu inda za a shiga, domin kaza ba ta riƙe bugu, kuma cikin 'yan mintuna suka ƙoshi suka watse.

A nan matashin ya kawo shawarar a hana su abinci wuni guda, gobe za su yi sara da sauri kuma su daɗe. Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, wallahi ban yarda ba." Mahaifiyarsu, wadda kajin nata ne, ta fi ta zafi. Da gardama ta ƙi ƙarewa, kawun ya ja shi zuwa wajen limamin unguwa bayan La'asar.

Malam bai shiga hukuncin kiɗan kansa ba, ya ce saɓanin malamai a kai sananne ne, kowa ya san inda ya tsaya. A kan dabbobin ya yi magana. Ya kawo hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Ya kuma kawo na yaron nan Abu Umair da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, wanda malamai suka kafa hujja da shi cewa ajiye tsuntsu ya halatta matuƙar ana kula da shi. Ya tuna musu an hana kashe tururuwa da kudan zuma da kwaɗo. Sharuɗansa uku ne: kada a sa dabba yunwa, kada a cutar da jikinta, wadda aka kamo daga waje a mayar da ita inda aka same ta. Matashin ya ce, "Allah gafarta Malam, na ji." A ganina wannan zaman ne ya gyara aikin baki ɗaya, ko ta fuskar kiɗan ma, domin ya rufe ƙofar tilastawa, ya bar musu ta sauraro kaɗai.

Sauro

Na sauro ya fi kowanne jan hankalin yarinyar, kuma ita ce da kanta ta soke shi. Zizar sauro daga kaɗa fiffike take fitowa. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Cornell ta Amurka aka wallafa a 2009, an ga cewa macen sauron da ke yaɗa cutar shawara tana kaɗa fiffike kusan sau 400 a sakan, namiji kusan sau 600, kuma idan suka kusanci juna don barbara sai kowanne ya gyara nasa har muryoyinsu na sama su haɗu a wajen 1,200. Wato ƙwari biyu ne ke saita murya da juna, abin da mawaƙi da ɗan amshinsa ke yi. Wa zai ji wannan bai so ya naɗa ba?

Amma sautin ƙarami ne ƙwarai, sai makirufo ya kusa taɓa ƙwaron. Kuma don a samu namiji da mace a lokacin da ake so, sai an yi kiwonsu daga tsutsa a cikin ruwa. Ta ce ba za ta yi kiwon sauro a gidan haya mai cike da yara ba, a ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro na duniya. Ba wanda ya musa mata.

Komawa ga gyare

Bayan duk wannan zagaye sai suka dawo kan baƙon da ya fara ɓata musu aiki, kuma a nan ne Legas ta shigo cikin lissafi. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta ƙayyade ƙarar unguwannin zama a desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 55 da rana, 45 da dare. Wanda ya kwana kusa da layin dogo a Agege ya san inda gaskiyar take: janareta ta kowace kusurwa, jiragen da ke sauka da tashi a filin Murtala Muhammed na Ikeja, hon ɗin jirgin ƙasa, danfo da keke har tsakar dare. Emeka Ogboh, ɗan Najeriya mai fasahar sauti, ya shafe shekaru yana naɗar wannan hayaniyar ta Legas, da kiran kwandastoci da ihun tasha, yana kai ta zaurukan baje kolin fasaha a Turai. Ga mai son naɗar ƙaramar halitta kuwa, hayaniyar ita ce babbar matsala. Kukan kurciya da na kwaɗo da yawa suna zaune ne a ƙasa, inda rurin injuna yake, ba a raba su cikin sauƙi. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a sakan, rurin janareta ma a nan ƙasa ya fi ƙarfi. Gyaren fili kuwa muryarsa tana tsakanin girgiza 4,000 da 5,000 a sakan. A yanke duk abin da ke ƙasa da shi, sai ya fito fes kamar a ƙauye aka naɗe shi. Cikin duk halittun da suka duba, shi ne birnin bai iya danne wa murya ba.

Suka kamo namiji ɗaya a wani kango, suka sa shi a ƙwarya mai ɗan yashi da guntun kwalin ƙwai don ya ɓuya, aka rufe da gidan sauro, ana saka masa ganyen latas da dusa da audugar da aka jiƙa da ruwa. Sun gwada haɗa biyu, sai kukan ya canza ya zama na faɗa, suka raba su nan take. Lokacin aiki daga bayan tsakar dare ne zuwa kafin kiran Assalatu, kuma a daren da aka kawo wuta, lokacin da janaretocin maƙwabta ke hutawa.

Daren farko ya ƙare ba a samu komai ba. Gyare na cikin kuka, kawun ya ɗora sanda kan kalangu sau ɗaya, ɗif, ya yi shiru. Aka jira ya dawo, aka sake bugawa, ya sake ɗaukewa. Dalilin a fili yake: gyare yana jin girgizar ƙasa ta ƙafafunsa, yana kuma da wasu 'yan gashi a bayansa masu jin motsin iska, duk bugu mai nauyi a wurinsa alamar maƙiyi ne ke tahowa. Matashin ya ce abu mai sauƙi, a naɗi gyaren shi kaɗai, Kawu ya sa abin sauraro a kunne ya bi daga baya. Kawun ya ƙi. Ya ce shi bai taɓa yi wa wanda ba ya wurin kiɗa ba.

Sai aka sake shiri. Aka rataye ƙwaryar da igiyar roba daga silin don kada girgizar daɓe ta kai gare ta, makirufo ɗaya a bakinta. Kawun ya koma can ƙarshen ɗaki a kan katifa, ya ajiye sanda, ya koma taɓa fatar da yatsu. Na ga wannan da idona. Dattijon da ya saba cika filin biki da ƙara yana zaune ya karkata kai, kalangu a hammata, yana matsa tsirkiya a hankali, ba ya taɓa fatar sai a 'yar tazarar da ke tsakanin gungu da gungu. Idan ya ɗan ƙara ƙarfi gyaren ya tsaya, sai ya ɗauke hannu ya jira. A hankali ya gano iyakar abin da ƙwaron zai jure. Ya kuma ce kalangu magana yake yi, ba ya bugu haka kawai, don haka sai da ya ƙirƙiro wa gyaren ɗan take na gaɓa biyar da yake maimaitawa, yana ɗaga shi yana sauke shi.

Gardamar tacewa

Saɓani na biyu tsakanin wa da ƙanwa ne, kuma har yau bai mutu ba. Da aka duba abin da aka naɗa, sai aka ga saurin bai tsaya wuri ɗaya ba. A farkon dare, ɗakin da sauran ɗumin rana, kukan na da sauri. Can wajen ƙarfe huɗu da gari ya yi sanyi ya ragu, kawun ma ya bi shi ya ragu ba tare da ya lura ba. Matashin, wanda ya saba jera kowane bugu a kan layin kwamfuta, ya so ya daidaita komai ya zama sauri ɗaya, ya ɗora ganga da fiyano a kai, ya fitar da abin da za a iya rawa da shi. Hujjarsa ita ce ba mai sayen abin da ba ya tsayuwa. Ƙanwarsa ta ce idan aka daidaita shi to gyaren ya fita daga ciki, saura sautin da kowa zai iya samowa a intanet. Raguwar nan ita ce shaidar cewa halitta mai rai ce ta ja ragama.

Ina tare da ita a wannan. Abin da ya bambanta aikinsu da sa kukan tsuntsu a farkon waƙa, wanda an daɗe ana yi, shi ne mutum ne ya bi, ƙwaro ya jagoranta. A kajin ma an samu sauti mai daɗi, amma kaza cin abincinta take yi, sautin haɗari ne kawai. Gyare kuwa kira yake yi da gangan, yana da tsari, yana kuma mayar da martani ga abin da makaɗin ya yi, ko da martanin shiru ne. Amma ba zan ce matashin ba shi da gaskiya ta fuskar sana'a ba, shi ke biyan kuɗin haya da na mai.

Suka fitar da biyun. Na matashin gajere ne mai ganga, ya samu shiga a tallan wani mai shayi. Na asalin ya haura minti goma, an haɗa shi daga farko da tsakiya da ƙarshen dare, ba a taɓa saurinsa ba. Gyaren kuma aka mayar da shi kangonsa bayan 'yan kwanaki, yadda Malam ya ce.

Yadda aka karɓe shi

An tura dogon ta WhatsApp, aka kuma sa shi a majalisar mai shayi. Samari da yawa ba su kai ƙarshe ba, suka ce yaushe za a fara waƙar. Wasu dattawa da suka baro Arewa da daɗewa suka nemi a sake sa musu, wani ya ce rabonsa da jin dare irin wannan tun yana kwana a gona. Wata mai jego ta ce da shi take lallashin jaririnta. Abokan sana'ar kawun sun kasu biyu, wasu na ganin ya zubar da girman kalangu, wasu na tambayarsa yadda ya iya sassauta hannu haka. Kuɗi dai dogon bai kawo ko sisi ba.

Abu biyu suka rage a jikin kwalin. Na tattabaru yana jiran hukunci, domin yarinyar na ganin ɗaura sarewa a wutsiya ya shiga sharaɗin Malam na biyu, matashin kuma ya ce nauyinta bai kai a kira shi cutarwa ba, sun yarda za su koma su tambaya da sarewar a hannu. Na kwaɗi kuma sai ruwan Yuni ya cika lambatu, kuma ba za a kamo ko ɗaya ba, kayan za a kai musu. Wannan na buƙatar doguwar waya da batir mai riƙe caji, da wanda zai tsaya gadin kayan a bakin titi da ƙarfe biyun dare. Kawun ya ce zai je, amma da gurmi ba da kalangu ba, don a ganinsa muryar kwaɗo ta yi kusa da ta kalangu, za su danne juna.